Ya Kaltumi Mai Wankan Gawa da Ƙwayar Goɗiya

Matso nan, ga gefen tabarma da sauran wuri. In da abinci a hannunka ajiye shi tukuna, don labarin nan bai dace da bakin akushi ba. Labarin Ya Kaltumi ne, ta garin Gure, wadda in mace ta mutu a unguwarsu ita ake aika wa ta zo ta yi mata wankan ƙarshe.

Haifaffiyar Kelle ce, aure ya kawo ta Gure. A ɗakinta Barbarci take yi, in ta fita kasuwa ko gidan mutuwa ta juya harshe zuwa Hausa. Wankan gawa kuwa wajen uwar mijinta ta koya, kuma tsohuwar ta bar mata doka guda wadda ba ta taɓa tankwarawa ba. Macen da har yanzu take ganin al'ada tana iya riƙe buta ta zuba ruwa, amma hannunta ba ya taɓa mamaciya. In kuwa ranar tana cikin jini, ko ƙofar ɗakin ba ta tsallakawa. Babu malamin da ya kafa dokar nan, ta matan gidan ce. Kaltumi ta yi shekaru tana riƙon buta kafin nata jinin ya ɗauke. Da ta tabbata ya tafi ke nan, masa ta soya ta raba wa maƙwabta, ba ta kuma faɗa wa kowa dalili ba.

To, abin da zai ba ka mamaki, duk Gure da wuya ka sami mai ƙyanƙyami irinta. Ba ta cin naman kasuwa, wai ta ga ƙudan da ke sauka a kai, ta kuma san inda suka fito. Goro sai ta wanke ta sake wankewa. In jika ya rugo zai faɗa jikinta da majina a hanci, tare shi take da tafin hannu, a share tukuna sannan a gaisa. Amma a kawo ta gaban gawar da ciwo ya daɗe yana ci, ba za ka ga ta yamutsa fuska ba. Ta jiƙa ganyen magarya, ta narka kafur, ta naɗe hannu da tsumma, ta bi gaɓa gaɓa har ƙarƙashin farce. A'i, maƙwabciyarta mai riƙe mata buta, ta taɓa tambayarta yaya take iyawa.

Ta ce, "Ke A'i, wadda ta mutu ai ta gama tata ƙazantar. Mu da ke yawo ne abin gudu."

A shekarar casa'in da biyar, tana dab da sittin, abin ya same ta. Wata mata mai jiki ce ta rasu. Kaltumi ta sunkuya za ta juya ta, sai ta ji ƙas a tsakiyar bayanta, kamar an taka busasshen kara. Gumi ya keto mata. Ta daure ta gama wankan ta ɗaure likkafani, sannan ta ce, "A'i, kama ni, ƙafafun nan ba nawa ba ne."

Mai ɗori ya zo ya shafa, ya ce shi bai ga abin ɗorawa ba. Sai Madam Kubra ta shigo duba ta, wata ma'aikaciyar gidan likita ce, mutumiyar Maraɗi da aiki ya kawo Gure, gidanta na kallon nasu. Ta sa aka tayar da tsohuwar tsaye, ta dube ta sama da ƙasa.

"Iya, zanen nan ba a idon sawu yake tsaya miki da ba? Ga shi yana sharar ƙasa."

"To sai me? Zane ne, ya saki."

"Ba zanen ne ya ƙara tsawo ba, Iya, ke ce kika rage. A kai ki Damagaram a ɗauki hoton ƙashi."

Ɗanta Tahiru ne ya kai ta. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, lokacin kuma ana ta yajin aiki, yana zaune a gida. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, Mushe take ce masa kamar kowa, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, in za ta yi masa magana ma gefe take kallo. Likitan da suka samu a can wani saurayi ne daga yammacin ƙasar, ba Barbarci, Hausar ma sai gaisuwa. Shi ya yi Faransanci, Tahiru ya juya mata. Likitan ya ɗaga hoton ga hasken taga ya nuna: ƙashin bayanta ya zaizaye daga ciki, kamar azarar da gara ta ci, waje lafiya ciki holoƙo. Gaɓa ɗaya ta riga ta murƙushe. Ya ce haka yake yi wa mata da yawa bayan al'ada ta ɗauke. Ya rubuta allurar da za ta kwantar da zafin, da wata farar ƙwaya ta ƙarin ƙarfin ƙashi, da wasu ƴan ƙanana da za ta fara in an gama allurar, su ne masu tsayar da zaizayar. Sai ya ƙara da cewa ƙananan nan za su dawo mata da jinin wata, kada ta tsorata, a faɗa mata sarai ta zaɓa da kanta.

Nan Tahiru ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ɗan fari, ya buɗe baki ya yi wa uwarsa zancen jinin al'ada? Sai ya ce mata, "Ya ce ki riƙa sha kullum da safe, kada ki tsallake." Ta lura likitan ya yi magana mai tsawo, fassarar ta zo gajeruwa, amma ita ma kunyar ba ta bar ta ta tambaya ba.

Suka dawo Gure aka fara. Allurar a cikin firigo mai kananzir ake ajiye ta a gidan likita, Kubra ce ke yi mata. Da Kaltumi ta ji an ce asalin maganin daga wani kifi ne na ƙasashen sanyi, sai ta rantse tana jin ƙarninsa a maƙogwaro. Da an zare allurar fuskarta ta ɗau zafi har kunnuwa, yawu ya taru mata a baki, ta lallaɓa bayan katanga ta yi ta kelaya amai, awaki na tsaye suna jiran ta gama. Ita da ko kaki ba ta tofarwa a gaban mutane! Amma zafin bayan ya lafa, ta daure har aka ƙare.

Farar ƙwayar kuma faffaɗa ce, a jefa ta a ruwa ta yi ta tafasa ba wuta, tana kumfa kamar bakin raƙumi. Ɗanɗanonta farar ƙasa da aka matsa wa lemo. Ta kumbura mata ciki, ta sa ta gyatsa, bayan gida ya zama aiki. Salla ɗaya sai ta sake alwala sau da yawa saboda iska. Ta ce, "Wannan aƙalla ƙazantarsa a fili take," ta ci gaba da sha tana toshe hanci.

Ƙananan ne suka zo da daɗi. Ba wari, ba ɗaci. Barcinta ya gyaru, jikinta ya yi sakayau, har ta koma aiki. Nononta dai ya riƙa tsami kamar na budurwa, ta ɗauka kwanciya ce.

Ran nan da hantsi aka aiko Hamsatu matar Abatcha ta rasu, ƙawarta ce tun suna amare. Ta haɗa magarya da kafur a ƙwarya, ta zaga bayan gida don ta yi alwala. Tana kwance zane ta gani. Ja, mai duhu, ya bi cinya. Ta tsaya kamar an kafa ta. Ƙarnin da ta manta shekara goma sha ya bugo mata hanci. Mace da furfura, da jikoki masu zuwa lakwal! Ta leƙo ta ce wa Samira, matar Tahiru, ta je ta ce wa A'i baya ya motsa, ta yi wankan ita kaɗai. A'i ba ta daɗe da daina ganin wata ba, doka ta ba ta hannu.

Ta shiga ɗaki ta yage tsohon kallabi ta yi ƙunzugu, tana naɗawa tana warwarewa, don har naɗin ta manta. Kwanakin da suka biyo ba ta yarda kowa ya shigo mata ba. Ta wanke tsummokaran a ɓoye, ta shanya a ƙarƙashin gado, don ina za ta kai su igiyar tsakar gida, kusa da na surukarta? Ba sa bushewa da kyau, ɗakin ya ɗau wani gumi-gumi. Ta turara, ta sake turarawa, turaren ya haɗu da ƙarnin ya zama wani abu na uku da ya fi su muni. A ranta kuwa ta gama yankewa ciwon ajali ne, don ta sha wanke tsofaffin da jini ya ɓalle musu kafin su tafi.

Da ta je gaisuwar Hamsatu ta zauna daga waje. Nan ta ji ƴar mamaciyar tana raɗa wa wata cewa A'i ta yi sauri ƙwarai, ko kitson ba ta tsefe ba, likkafanin ma a jiƙe aka ɗauka. Kaltumi ta ji kamar ta haɗiyi ƙuda. Hamsatu mai tsabta, a kai ta kabari da dauɗar tsohon kitso a kai! Daga can ba ta koma gida ba, ta wuce wajen Kubra, ta ja ƙofa ta faɗa mata, idonta a ƙasa.

Kubra ta ce, "Af, ya zo ke nan. Ai ƙwayar ce, Iya. Mushe bai faɗa miki ba?"

"Ya faɗa mini me?"

Kubra ta kama baki. "Innalillahi! Ƙananan nan, abin da jikin mace ke yi ne lokacin ƙuruciya, shi ke riƙe ƙashi. In aka mayar miki da shi, jinin ma sai ya biyo. Duk wata zai zo muddin kina sha."

"Duk wata." Tsohuwar ta maimaita a hankali. "To ni da na ba su ƙuruciyata su ajiye? A ina suka samo ta?"

Kubra ta yi ƴar dariyar da ba ta kai ciki ba, ta gyara ɗankwali, ta ce shayi fa? Kaltumi ta ce ba shayi ta zo sha ba.

"Iya, an tace shi fa. An tace, an sake tacewa, ba abin da ya rage sai maganin."

"Daga me aka tace?"

"Irin wadda aka ba ki... daga fitsarin goɗiya mai ciki."

Ya Kaltumi ta miƙe, ta fita tsakar gidan Kubra, ta ɗau buta ta yi ta kurkurar baki tana fesarwa har ruwan ya ƙare. A gida ta sa toka, ta bi da asuwaki har dasashinta ya yi jini. Ta tuna bargar dawakin mahaifinta a Kelle, yadda zarni ke tashi in rana ta take, yadda goɗiya ke buɗe ƙafa ta saki abu rawaya mai kumfa. Shi take karyawa da shi kowace safiya, da bisimilla!

Saura zancen salla, don ita dai ta ajiye tun ranar. Ba za ta iya tunkarar Malam Garbai, limamin unguwa, da bakinta ba. Dole ta kira A'i ta fasa mata, ta ce ta je ta tambaya a kan wata mata ce can, baƙuwa, ta haura hamsin, jini ya dawo mata. A'i ta je ta dawo tana danne dariya da gefen mayafi.

"Ya ce in ta kai saba'in ba haila ba ce, ta yi sallarta. In kuwa tsakanin hamsin da saba'in take, littafi cewa ya yi a tambayi mata masu sani, su duba su faɗa."

"To wace ce mai sanin?"

"Haka na ce masa. Ya ce, haba A'i, kina tare da Ya Kaltumi kullum kike tambayata? Ki kai mata baƙuwar."

"Rufe mini baki, mai wankan kaza! An ce ko kitson Hamsatu ba ki tsefe ba."

"Ni kaɗai fa, Yaya, ga buta ga juyi! Kuma ni kin sha mayar da ni daga bakin ƙofa a kan abin nan. Yau ga shi a ɗakinki."

Gaskiya A'i ta faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Kaltumi ta san launin, ta san ƙarnin, ta ga ya zo ya ɗauke kamar yadda yake yi da. Da wata aka kawo mata, ba za ta yi dogon tunani ba. Ta yanke wa kanta hukuncin da za ta yanke wa kowa: jini ne. Muddin tana shan ƙwayar, ta koma mai riƙon buta, A'i ce mai hannu.

Da la'asar Kubra ta shigo ta zauna bakin gadonta, ba wasa a fuskarta.

"Iya, ban zo lallashi ba, na zo mu auna ne. Ƙwayar nan tana da nata. Ban da jinin, wasu tana daskarar musu da jini a jijiyar ƙafa, nono ma sai an riƙa dubawa. Akwai yadda ake shan ta jinin ya ragu, amma da fari sai ya riƙa ɗigowa ba rana ba wata."

"Wato in tsaya kan gawa ban san ko ina da tsarki ba. Wuce wannan."

"Allurar kuma ta zafi ce, ba ta gina ƙashi sosai. Farar tana taimako, amma ita kaɗai kamar yaɓe ne a bangon da gara ke ciki. In kin bar ƙananan, zaizayar za ta ci gaba. Yau baya ne. Ranar da ƙugu ya karye, kwanciya ce, ke kuma kin fi ni sanin yadda masu doguwar kwanciya ke zuwa hannunki."

Ta sani kuwa. Ta sha ɗaga su ta ga bayan ya sale, gyambo a ɗuwawu har ƙashi na leƙowa, wani lokacin da tsutsa. Ta san warin tabarmar da fitsari ya ratsa. Ta san yadda surukai ke shigowa da ƙyalle a hanci suna cewa sun yi iya ƙoƙarinsu. Ta dubi Samira ta ƙofa tana tankaɗe a tsakar gida, yarinyar kirki, ta ƙiyasta hannun nan yana share mata kashi. Tsigar jikinta ta tashi.

Ta ce, "Kin kawo mini kwano biyu, ƴar nan, kowanne da ƙuda a ciki."

"Haka ne, Iya. Ke za ki ci, ke za ki zaɓa."

Washegari da safe ta fito tsakar gida. Tahiru na zaune kan tabarma, Samira na zuba masa koko. Ta tsaya ta fuskanci Samira kamar babu kowa a wurin.

"Samira, ki faɗa wa mai gidanki, in likita ya ba shi saƙo mudu guda, ya daina kawo mini rabi."

Tahiru ya ajiye ludayi. Shi ma Samira ya kalla. "Ki ce mata bakina ne ya kasa ɗauka."

"Ki ce masa bakin da ya ɗauki Faransanci."

"Ki ce mata na yi laifi. Amma ki roƙe ta ta ci gaba da sha. Ta bar wankan nan haka, ta yi wa Allah, ta yi wa mutane. Ga A'i nan."

"A'i!" Har ta manta ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun yana goye. Ta yi maza ta kawar da kai. "Ki ce masa matan unguwar nan tun suna da rai suke kama hannuna suna cewa, Kaltumi, ke za ki yi mini. Ban ce musu sai in goɗiya ta yarda ba."

Samira dai tana tsaye da ludayi, ba ta isar da ko ɗaya ba.

Ranar ta ƙulle sauran ƙananan a tsumma, ta riƙe da yatsu biyu nesa da jikinta, ta kai wa Kubra. Kubra ta karɓa ba gardama, sai sharuɗɗa: farar ƙwaya kullum, nono in an samu, sanda a hannu, ɗaga gawa kuwa an gama har abada. Kaltumi ta jira wata ya mutu wani ya tsaya, ta ga ba komai, ta ƙona tsummokaran ƙarƙashin gado, ta yi wanka, ta aika wa A'i cewa ta dawo.

Daga nan a zaune take aiki, kan ƴar kujera. Da yake dokarta ba ta yarda masu ƙarfi da ke ganin wata su taɓa ba, sai tsofaffi irinta ke juya mata gawa, A'i da wata, suna nishi tana yi musu faɗa. Kitso kuwa ita ke tsefewa da kanta, sili sili.

Ƙashin bai yafe mata ba. Kafin shekarun casa'in su ƙare wata gaɓar ta sake murƙushewa, wannan karon atishawa kawai ta yi. Ta ranƙwafa har ta zama ƙasa take kallo in tana tafiya, ƙafafun mutane take fara gani kafin fuskarsu. Kuma me ke ƙasan? Kaki, kashin awaki, tofin goro, faso cike da dauɗa a diddigen manyan mutane masu babbar riga. Tafe take tana tsaki tun daga ƙofar gida har gidan mutuwa, tana dogara sanda cikin rairayi, tana zaɓen inda za ta sa ƙafa, don ta san faɗuwa ɗaya ta ishe ta. Kubra takan tare ta a hanya ta ce, "Iya, har yanzu ana samun ƙananan nan fa a Damagaram." Ita kuwa sai ta tofar gefe, ta ce a gai da goɗiya.

Tahiru yakan tsaya a ƙofar gida yana kallon bayanta har ta sha kwana, bai san ko ya bi ta ba ko ya koma ciki. To kai da ka zauna ka ji, da kai ne shi, uwarka ce ke tafe a ranƙwafe cikin rairayin nan, mota za ka hau ka sake sayo mata ƙwayar, ko ƙwaryar magarya za ka ɗaukar mata ka raka ta?